Manhajar da ba ta aiki a Dogon Kiriya ba ta gama karatu ba

Malamai, iyayenmu da ke zaune can baya, ƴan'uwa ɗalibai da kunka zo hutu gida, sannunku da zuwa. Na ga ƴan Matankari, na ga ƴan Tibiri da Kore Mai Ruwa, an ce mini har da waɗanda sunka taso tun safe daga Dogon Kiriya. Allah ya saka da alheri. An ce in yi magana kan koyon ƙera manhajar waya a jami'a, wato abin da muke kira aplikasiyo, musamman matakin da ya wuce na farawa.

Kowa ya ɗan duba wayarsa. WhatsApp na ciki, Facebook na ciki, TikTok na ciki, Xender ma na ciki. To, cikin duk abin da ke kan gilashin nan, nawa ne na kamfanin Nijar? In an samu ɗaya, galibi ta aika kuɗi ce, irin ta Nita ko ta Amana. Sauran duk daga waje sunka zo. Kullum muna sayen mega don mu yi aiki da abin da wasu sunka ƙera, wasu kuma da ba su taɓa jin sunan Arewa ba.

Ba rashin makaranta ya kawo haka ba. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana nan tun farkon shekarun 1970. An buɗe na Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010. A 2014 aka ƙara huɗu: Agadas, Diffa, Tilaberi da Doso, kuma ta Doso, wadda ita ce ta jaharmu, fannin fasahar sadarwa da kwamfuta aka ba ta. Ga IAI a Yamai, ga makarantu masu zaman kansu da ba su ƙirguwa. A 2017 gwamnati ta kafa hukumar ANSI, aka yi ta maganar "Nijar 2.0" da ƙauyuka na zamani. Kowace shekara ana yaye matasa da takardar lisans ko masta a fannin kwamfuta. Tambayata a yau ita ce: me ake koya musu da sunan mataki na gaba, kuma don wa?

In ka duba darussan da ake sayarwa a intanet da sunan babban mataki, za ka ga yadda ake sa hoto ya yi rawa a kan gilashi, yadda ake biya da katin banki, yadda ake bin mai kawo abinci a kan taswira har ya iso ƙofar gida. Ba laifi ba ne, ilimi ne. Amma duk an gina su bisa wasu abubuwa da ba a ma faɗa: rezo ba ya yankewa, waya tana da wuri, wuta tana nan, mai wayar ya iya karatu, kuma wayar tasa ce shi kaɗai. Ka bar Dutsi, ka wuce Matankari, ka nufi Dogon Kiriya, ka faɗa mini guda nawa cikin waɗannan za su rage. A wajena, mataki na gaba shi ne iya rubuta manhajar da za ta tsaya da ƙafarta bayan an zare mata duk waɗannan. Kuma wallahi wannan ya fi wancan wuya, ta fuskar ilimin kansa.

Kada wani ya ce mutanen karkara ba su shirya ba. An auna wannan tun da daɗewa, a ƙasar nan. Wata malamar tattalin arziki ta jami'ar Tufts a Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa inda rezo ya shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili mai sauƙi ne: ɗan kasuwa ya daina ɗaukar mota don ya je ya tambayi farashin gero, sai ya kira. Bayan nan, a 2009 da 2010, ƙungiyar CRS ta yi aikin yaƙi da jahilci a ƙauyuka fiye da 100 na jahohin Doso da Damagaram, aka haɗa wa rabinsu koyon aiki da salula. Waɗanda anka koya wa salula sun fi sauran a jarrabawar rubutu da lissafi. Da ƙananan wayoyi masu maɓalli anka yi duk wannan, ba Android ba.

Haka M-Pesa ta Kenya, da ta fara a 2007, wadda duniya ke ta ba da labarinta: da saƙon waya ta yi aiki, kan kowace irin salula. Mu ma muna da namu. Abdou Maman Kané ya haɗa tsarin ban ruwa da manomi zai tada injin lambunsa ta waya daga nesa, har a 2015 ya samu babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na 2 ta ƙasar Maroko. Cibiyar RECA ta manoma a Yamai tana amsa tambayoyin manoma ta kira da saƙon murya na WhatsApp, da Hausa da Zabarmanci. Duk waɗannan sun fara ne da duba abin da ke hannun mutum, kafin su yi tunanin abin da za su rubuta.

Bari in ɗauki misali ɗaya mu bi shi a hankali, don maganar ta sauko ƙasa. Kowa nan ya san asusun Mata Masu Dubara. Ƙungiyar CARE ta fara shi a jahar Maraɗi a 1991, daga nan ƙasashe da yawa sunka kwaikwaya. Mata su haɗu kowane mako, kowa ta zuba, a ba mai buƙata bashi, ta maido da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a raba. Kuɗi na cikin akwati mai kwaɗo, makullai na hannun mata daban-daban, lissafi kuma yana cikin littafi ko cikin kawunan mata. A ce an ba ɗalibin shekarar ƙarshe aiki: rubuta wa irin wannan asusu manhaja. Da ya ji zai ce ai wannan aikin mako biyu ne, suna da adadi da kwanan wata. Mu gani.

Abu na farko, wurin da matan ke zama babu rezo, ko kuwa sai an hau tudu. Don haka manhajar ba za ta jira saba ba kafin ta karɓi zubi. Dole komai ya zauna cikin wayar, a ƙaramin rumbun bayanai irin SQLite, ta yi aikinta cif kamar babu intanet a duniya. Ranar kasuwa, in mai wayar ta shiga inda rezo yake, sai manhajar ta tura abin da ta tara, a ɓoye, ba tare da an danna komai ba. In rezo ya yanke ana tsakar turawa, ta san inda ta tsaya, ta ci gaba daga nan gobe. Wanda ya saba da darasin da ake kiran saba a karɓi amsa nan take, a nan zai fara gumi.

Na biyu ya fi daɗi. A ce wayoyi biyu ke riƙe da lissafin, ta sakatariya da ta ma'ajiya, saboda tsoron ɓata ko sata. Ranar Talata sakatariya ta rubuta cewa wance ta biya jika 2 cikin bashinta. Ranar Laraba matar ta haɗu da ma'ajiya a rijiya, ta ba ta jika 1, ita ma ta rubuta a tata wayar. Wayoyin ba su ga juna ba sai ranar Juma'a. In ɗalibinmu abin da yake ajiyewa shi ne "sauran bashi", to waya ɗaya ta ce saura jika 8, ɗaya ta ce saura jika 9, kuma duk wadda ta iso saba daga baya ita za ta shafe ta farko. Gaskiyar magana saura jika 7. Kun ga manhaja ta ci wa baiwar Allah kuɗi, ta kuma haɗa faɗa a unguwa. Maganin shi ne kada ka ajiye jimla. Ka ajiye kowane biya a layinsa, da lambarsa da ba ta da biyu, layin da ba a gogewa, in an yi kuskure sai a rubuta wani layi da ke warware shi. Jimla kuma a lissafa ta daga layukan. Haka bankuna ke yi, kuma a karatun kwamfuta wannan babi ne guda mai zaman kansa, na tsarin da ke warwatse a kan na'urori da yawa. Ga shi ya fito daga akwatin mata a Dogon Kiriya.

Wannan lambar da ba ta da biyu tana da wani amfani. Duk mun san halinmu: ka danna aikawa, abu ya tsaya yana juyawa, ka sake dannawa, ka sake. In saba ba ta iya gane cewa saƙo ɗaya ne ya zo sau uku ba, an rubuta zubi uku ke nan. Sai agogo. Kada ka yarda da agogon waya. Wayar da ta kwana biyu ba caji, ko wadda yara sunka taɓa, tana iya farkawa ta ce yau wata shekara ce can baya. In da agogonta kake jera abin da ya riga wani, lissafinka ya watse.

Na uku, harshe. Manyan da sunka iya karatu a ƙasar nan ba su kai rabi ba, a cikin matan karkara kuwa abin ya fi ƙasa sosai. To manhajar sai ta yi magana. Ka ce ai sauƙi, a naɗi murya. Bismilla, naɗa. Gilashi ya nuna 500, murya za ta ce me? In ta ce "ɗari biyar", gwaggo za ta ji jika 2 da rabi, domin mu da dala muke ƙirga kuɗi, dala kuwa sefa 5 ce. A bakin kasuwa 500 "ɗari" ce, 100 "ashirin" ce, 1.000 "jika" ce. Sai manhajar ta raba da 5, ta san inda jika ke shiga, ta haɗa guntayen muryoyi su fito jimla ɗaya da kunne zai karɓa. Babu wani injiniya a Kalifoniya ko Faris da zai rubuta muku wannan, don bai ma san da matsalar ba. Kai da ka tashi ana aiken ka sayen magi, ka san ta tun kana shekara biyar. Ina son ku riƙe wannan, ƙannena: akwai ilimin da kuke da shi wanda ba ku lissafa shi cikin ilimi.

Haka rubutun suna. Garin nan da muke zaune, wani ya rubuta Dogondoutchi, wani Doutchi, wani Dogon Dutsi. Mace ɗaya, a katin ɗan ƙasa Aïchatou, a littafin asusu A'ishatu, a wayar mijinta Aisha. Makarantar boko ta koya mana "ou" da "tch", Hausa tana rubuta "u" da "c". Ga haruffa masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ wadda mu a Nijar muke rubutawa haka, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma su sa waƙafi a sama kafin y. Mai nema zai rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa", dole wurin bincike ya gane. Sannan filin nan na ranar haihuwa da kowane darasi ke cewa a tilasta cika shi: iyayenmu nawa ne takardarsu ta ce an haife su wajajen shekara kaza, ba rana ba wata? In ka tilasta, kowa zai zama ɗan 1 ga Janairu, kuma in da suna da ranar haihuwa kake bambanta mutane, ka haɗe mata biyar sun zama ɗaya.

Ita kanta wayar fa? Itel ce ko Tecno, wurin ajiya ya cika da bidiyon biki da wa'azi. In manhajarka ta yi nauyi, ita za a fara gogewa ranar da wuri ya ƙare. In tana shan batir, mai wayar da ke biyan kuɗi wajen mai caji zai gane cikin kwana biyu. Kuma ba daga Play Store za ta shiga ba, ta Xender za ta yi yawo daga hannu zuwa hannu, ma'ana tsohon zubi zai daɗe yana aiki a wasu wayoyi bayan ka fitar da sabo, sai sabarka ta iya magana da duka biyun. Wasu matan ma ba su da Android ko kaɗan, sai an haɗa musu hanya ta saƙo ko ta lambobin nan masu tauraro da muke duba kredi da su.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Manhajar nan ta san wace mata ke da kuɗi, nawa ne a akwati, a gidan wa yake kwana, wace rana za a raba. Ba sai na yi dogon bayani kan halin tsaro a arewacin Dutsi da bakin iyaka ba, akwai waɗanda ke cikin ɗakin nan da sunka fi ni sani. Wayar da ta faɗa hannun da bai dace ba, da irin wannan bayani a buɗe, tana iya jawo abin da ya fi asarar kuɗi. Ko a cikin gida ma, wayar sau da yawa ta miji ce ko ta ɗa, matar kuwa ba lalle tana son a san abin da ta tara ba. Saboda haka sai an kulle bayanan da lambar sirri, sai an rufe su ta yadda ko an zare su daga wayar ba za su karantu ba, kuma abin da ba ka buƙata kada ka tambaya. Me ya haɗa manhajar asusu da GPS? Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, akwai hukumar HAPDP da ke kula da ita. Ɗalibi nawa ne ke gama lisans ya karanta dokar nan?

Yanzu na san abin da wasu ke cewa a ransu: ai duk wannan ana koyon shi a YouTube, me za a je yi jami'a shekara uku, ga yajin aiki, ga jiran burs? Wasu ma za su ce ChatGPT na rubuta kod cikin minti ɗaya. Gaskiya ne yana rubutawa, ni ma ina aiki da shi. Amma ka ce ya rubuta maka manhajar asusu, ka duba ko zai raba da 5. Zai ba ka abin da ya fi yawa cikin abin da ya gani, abin da ya gani kuwa na wasu ƙasashe ne. Kuma in ya ba ka kod mai shafe lissafin wance, wa zai gane? Sai wanda ya san dalili. Bidiyo yana koya maka inda za ka danna. Tsarin rumbun bayanai, dubarun lissafi da jera bayanai, yadda rezo ke ɗaukar saƙo, lissafin da ke ƙarƙashin rufe sirri, waɗannan darussa masu sa barci su ne ke saura a hannunka in kayan aiki sun canza. Kuma suna canzawa. Da Java ake rubuta Android, a 2017 Google ya karɓi Kotlin, a 2019 ya ce ita ya fi so. Flutter ta fito sosai a ƙarshen 2018. Wanda danna kawai ya koya, duk shekara uku sai ya koma aji ɗaya.

Tunda na san za a tambaya, Kotlin ko Flutter? Ni dai a ganina ka fara da Kotlin, ka san Android ciki da waje, don ita ce a hannun mutanenmu. Flutter tana da amfani in kana son abu ɗaya ya hau Android da iPhone, amma masu iPhone nawa ne a kasuwar Matankari? Abin da ba shi da zaɓi shi ne Ingilishi. Littattafan bayanin kayan aikin nan da Ingilishi suke fitowa, fassarar Faransanci tana zuwa a makare in ma ta zo. Mu ƴan Arewa ba mu da uzuri: Birnin Kabi da Sakkwato ga su nan kusa, rabinmu muna da dangi can.

Ban zo in ɗora wa ɗalibi laifi ba, don na san da me yake fama. Android Studio, wurin da ake rubuta manhajar, yana son kwamfuta mai RAM aƙalla giga 8, in kana son ka yi aiki cikin kwanciyar hankali sai 16. Ɗan talaka da ya samu tsohuwar kwamfuta mai giga 4, kafin ta buɗe ya sha shayi ya dawo. Ga wuta. A ƙasar da kusan mutum 1 cikin 5 ke da lantarki, kuma kun tuna Agustan 2023, lokacin takunkumin CEDEAO, da Najeriya ta yanke layin Birnin Kabi mai ciyar da Doso da Yamai. Kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga Najeriya take zuwa a lokacin, sai cikin 2024 anka maido. Duk wanda ke rubuta kundin kammala karatu a watannin nan ya san abin da ya gani. Starlink ya shigo a 2025, ya sauƙaƙa wa masu hali, amma ɗalibi ɗaya ba ya iya ɗaukar kuɗinsa.

A inda na yi karatu, ba zan kama suna ba, mun yi jarrabawar rubuta kod da biro a kan takarda, malami ya duba da jan biro. Kundin kammalawa kuwa kusan iri ɗaya ne kowace shekara: manhajar kula da otal, manhajar kula da kantin magani, manhajar kula da ɗakin karatu. A nuna hotunanta a gaban alƙalai, a tafa, a ci abinci, a ajiye ta a kabad. Babu mutum ɗaya a duniya da ya taɓa aiki da ita. Daga nan sai wanda ya yi sa'a ya samu kwangilar wata uku da wata ƙungiya, a ba shi tablet ya shiga ƙauyuka yana cika tambayoyi a KoboToolbox. Aiki ne na halal, na yi shi, ya ciyar da ni. Amma ka duba: an koya maka ƙera abin, ka ƙare kana danna na wani, bayanan garinku kuma suna tafiya sabar da ba ka san inda take ba.

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Kowa da ra'ayinsa a kai, kuma ƴan'uwanmu masu Zabarmanci da Fulatanci da Tamajek da Barbarci suna da hakkin a ji su. Ni abin da nake tambaya shi ne: a cikin wayarka, a ina wannan magana ta bayyana? Wace hidimar gwamnati ce za ka iya nema ta waya, da murya, da harshen da uwarka ke ji? Abdou Moumouni, wanda babbar jami'armu ke ɗauke da sunansa, masanin makamashin rana ne, kuma tun 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka inda ya kare koyarwa da harsunanmu da haɗa makaranta da rayuwar jama'a. Shekara 60 ke nan da ɗoriya. Google Translate ya sa Hausa tun 2013. Mozilla na tara muryoyin Hausa a shirinta na Common Voice, kowa na iya ba da tasa. In ba mu zuba muryar Arewa a ciki ba, na'urar da za ta fito Hausar Kano kaɗai za ta ji, tsohuwar da ta ce "munka tahi" sai ta maimaita sau uku.

Sai maganar da ba a so: wa zai biya? Matan asusu ba za su sayi manhaja ba, kuma kada wani ya ruɗe ku da labarin matashin da ya rubuta abu a ɗakinsa ya wayi gari da miliyoyi. Masu iya biya a nan su ne ƙungiyoyin manoma, irin masu dankalin turawa na Dutsi da ke buƙatar lissafin iri da taki da ajiya, sai manyan ƴan kasuwar wake, sai kamfanonin aika kuɗi da na sufuri, sai ma'aikatun magajin gari masu karɓar harajin kasuwa da takarda, sai ƙungiyoyin agaji. Su waɗannan na ƙarshe da gwamnati su ke da kuɗi mafi yawa, kuma su ne sunka fi saurin kai kwangila waje. A nan ne maganar ta zama ta ƴan ƙasa. Duk manhajar da anka saya da kuɗin jama'a ko da sunan jama'a, muna da hakkin mu tambaya: wa ya rubuta ta, kod ɗin na hannun wa, bayanan suna ina, in aikin ya ƙare wa zai gyara ta? Mun ga famfunan da sunka mutu saboda babu mai gyara a kusa. Manhaja ma haka take mutuwa, sai dai ita ba a ganin gawarta a bakin hanya.

Ƴan mata, na ga ba ku da yawa a ɗakin nan, a ajin kwamfuta ma haka ne. Ku koma kan misalin da na bayar. Wa matan asusu za su buɗe wa littafinsu? Wa za su gaya wa cewa ba sa son maigida ya ga lissafin? Ni in na je, a zaure zan tsaya. Ke za ki shiga har ɗaka. Rabin abin da ake buƙata don manhajar ta yi daidai yana can ciki, namiji ba ya kai wa gare shi.

Abin da nake ganin ya kamata mu nema daga jami'o'inmu, ta Doso a gaba tunda ita ce tamu, ba shi da tsada sosai. Kundin kammalawa ya zama sai an gwada shi da mutane na gaske, a waje da babban gari, na aƙalla wata guda, kuma a ba da maki kan abin da ya faru can. A ranar kare kundi, alƙali ya karɓi wayar ya kashe mata rezo, ya ga ko za ta rayu. A samu ɗaki ɗaya mai wutar rana da kwamfutoci masu ƙarfi da ke buɗe har dare, da akwati na ƙananan wayoyi irin na kasuwa don gwaji. A riƙa ajiye kod ɗin ɗalibai a wuri ɗaya a buɗe, don na bana ya ɗora kan na bara: wanda ya warware maganar dala sau ɗaya, kada wani ya sake ɓata wata biyu a kanta. Kuma a bar waɗanda ke aikin a kamfanoni, da waɗanda sunka ratsa ta wurare irin CIPMEN a Yamai, su shigo aji ko da ba su da dakta.

Ga wanda ya riga ya rubuta wani abu yana son ya sa a Play Store: rajista dala 25 ce ta Amurka, sau ɗaya, wajen jika 15, amma sai da katin banki, don haka ku haɗu ku nemi mai shi tun da wuri. Apple kuwa dala 99 ce kowace shekara, ku bar shi tukuna. Sannan Google ba ya barin sabon asusu na mutum ɗaya ya fitar da manhaja kai tsaye, sai an yi gwaji na rufe da mutum 12 har kwana 14 a jere. Yawancinmu abokan aji muke tarawa, masu manyan wayoyi, su buɗe sau ɗaya su ce ta yi kyau. Kuna gida yanzu, hutu bai ƙare ba. Ku nemi ma'ajiyar asusun unguwarku, da mai awon gero a kasuwa, da mai cajin waya, ku sa musu ita, ku zauna gefe ku yi shiru ku ga inda yatsansu zai tsaya. Ku rubuta duk wurin da ya tsaya.

Na ga an ɗaga mini hannu lokaci ya yi. Wanda ya zo da kwamfuta ko da manhajar da ya fara, ya tsaya bayan sallar La'asar mu buɗe ta tare. Yanzu a kawo tambayoyi, mu fara da ɓangaren mata.